Yadda Gaisuwa Ta Hana Mu Sayar da Ƙuli-ƙuli

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙowa a gemuna ba, na buɗe wa mahaifiyata shago a intanet. Na daɗe ina kauce wa ba da labarin nan, saboda ni ne babban mai laifi a cikinsa. Amma yanzu dangi sun mai da shi abin hira a gidan suna da gidan biki, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji shi daga bakina.

Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta kaɗan. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita da wasu mata tara na unguwarmu. Kowace tana soya gyaɗarta a gidanta, a kai inji a markaɗa, a matse mai, a mulmula tunkuza a soya, sannan a tara kayan a ɗakin Inna. Ita ce babbarsu, ita ce kuma mai magana da masu saye. Masu sayen kuwa dillalai ne da ke zuwa ranar kasuwa su kwashe kayan zuwa Dawanau da cikin birni. Abin da suka taya, shi ake sallamawa.

Ni a lokacin ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano. Wata rana aka ba ni wani shiri in gabatar a kan kasuwanci ta intanet. Na yi hira da baƙi biyu na tsawon rabin sa'a, na fito daga ɗakin shirin ina jin babu abin da ya rage ban sani ba a harkar. Ranar Asabar na hau mota na tafi gida.

Na ce, "Inna, zamanin dillalai ya wuce. Zan buɗe miki shago, mutanen Kaduna da Abuja su riƙa saye kai tsaye daga hannunki."

Ta ce, "A ina shagon yake?"

Na ce, "A cikin waya."

"Wa zai zauna a ciki?"

"Ba kowa."

"To wa zai hana a yi ɓarna?"

Na yi dariya irin ta wanda ya yi boko. Har yau idan na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta kama ni.

Ina da wani abokina da muka yi sakandare tare, shi ya karanci kwamfuta. Shi ya gina shafin, kyauta, cikin kwana uku. Abin da ya yi bai da yawa: hoton galan na mai, hoton ƙuli a faranti, farashi, wurin da mai saye zai rubuta sunansa da adireshinsa, sai lambar waya. Kana dannawa yake buɗewa.

Na duba na ce masa bai yi ba. Na ce, "Wannan ai kamar mutum ya yi sallama a ƙofar gidanka ne, ka fito ka ce masa nawa za ka saya. Ba maraba, ba ya hanya, ba ya iyali. Mu ba haka aka rene mu ba."

Sai na shiga ɗakin ɗaukar murya bayan an tashi daga aiki, na naɗi gaisuwa ta minti uku, da ɗan kiɗa a ƙarƙashi. Na yi wa mai saye maraba, na ba shi tarihin noman gyaɗa a ƙasarmu, na yi masa fatan alheri. Na ce da abokina ya sa ta riƙa tashi da kanta da zarar an buɗe shafin.

Ya ce, "Za ta yi wa shafin nauyi. Wanda sabis ɗinsa ba ƙarfi, ko mai tsimin data, ba zai jira ba. Rufewa zai yi ya tafi."

Na ce, "Shekara nawa ina magana a rediyo? Wa ya taɓa kashewa ya tafi?"

Ya ce, "Ai ba ka ganinsu ne."

Duk da haka ya sa.

Da na kai shafin gida in nuna, sai kawuna ya zo. Yayan mahaifiyata ne, ya yi shekara talatin yana dillancin hatsi a Dawanau kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ba a yanke wata shawara a danginmu sai ya sa baki. Ya saurari gaisuwata daga farko har ƙarshe, kansa a sunkuye. Da ta ƙare ya ɗago.

Ya ce, "Murya ta yi. Amma ɗan rediyo, ina manya? Baƙo ya zo tun daga Abuja, yaro ya tare shi, dattawan gida suna nan da ransu ba wanda ya ce masa sannu da zuwa? Me zai ɗauke mu?"

Dole na yarda, don da irin wannan hujja na kayar da abokina.

Washegari Kawu ya sa babbar rigarsa da hularsa ta Sallah, ya zauna a kan kujera a gindin darbejiya, na ɗauke shi bidiyo. Ya gaishe da mai saye, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, da aiki, da kasuwa, da yadda damina ta kasance a wajensu. Bayan kowace tambaya yakan ɗan dakata, ya bar wa mutumin fili ya amsa, sannan ya ce, "To madalla." Minti bakwai.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai wa baffana, ƙanin mahaifina, cewa dangin uwa sun shiga intanet an bar dangin uba a waje. Shi ma aka ɗauke shi. Sai aka ga bai kamata a ɗauki biyu a bar sauran ba. Muka kira mai hoto daga Ɗanbatta, ya ɗauki dattawa goma sha ɗaya da babbar kyamararsa, irin hoton da za ka iya ƙirga zaren hula. Abokina ya ce a bari ya rage musu girma. Na hana, don mai hoton ya ce ragewa na ɓata aiki. Aka jera su daga babba zuwa ƙarami. Ƙuli da mai da farashi da lambar waya suka koma can ƙarshe, tunda ba a kawo zancen ciniki kafin a gama gaisawa.

Ana cikin haka abokina ya sami aiki a kudu. Ranar da zai tafi ya miƙa min ragamar shafin, ya koya min yadda ake ɗora abu, sannan ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. Akwai wani satifiket na tsaro da ke kan shafin, yana da wa'adi. Idan ya kusa ƙarewa za a turo maka imel. Ka kira ni ranar da ka gani, in sabunta."

Na ce an gama.

Kullum da safe idan na je ofis nakan buɗe shafin a kwamfutar aiki, inda intanet ke gudu kamar ruwan famfo. Nan take muryata za ta tashi, Kawu ya bayyana. Sai in gyara zama in saurara. Ban taɓa gwada shi a wata na'ura ba, ban kuma taɓa tambayar kowa yadda yake buɗe masa ba.

Da kaka ta yi, gyaɗa ta shigo, Inna ta tara matan nan tara a tsakar gidanta. Ta ce musu bana kada kowa ta sayar wa dillalai, a yi aiki a tara, yaron nan ya samo masu saye na nesa waɗanda ba sa tauye mutum. Wasu sun yi jim. Amma Inna ba ta taɓa faɗa musu magana ta tashi ba, saboda haka suka yarda. Suka soya, suka matse, suka tara. Jarkoki suka cika ɗakinta har sai da ta fitar da gadonta zuwa rumfa. Dillalai suka zo kasuwa biyu a jere suka koma hannu rabbana, suna mamaki.

Mako ɗaya, shiru. Mako uku, shiru. Duk sanda na kira gida, Inna takan ce, "Kai, an zo?" In ce mata harkar intanet sai a hankali.

A cikin makonnin nan ne imel ɗin ya zo. Dogon Turanci ne, da jan rubutu a sama, yana cewa in gaggauta. Ni kuwa ban daɗe da karanta labari a kan 'yan damfara masu turo irin waɗannan saƙonni ba, har na gargaɗi masu sauraro da kakkausar murya. Na goge shi ina yaba wa kaina. Ya sake zuwa sau biyu, na sake gogewa. Bayan 'yan kwanaki na buɗe shafin a ofis, sai wani jan gargaɗi ya tare ni. Na nemi inda ake dannawa a wuce, na danna, shafin ya buɗe kamar kullum. Na ce a raina, ai ni na san namu ne. Na ci gaba da sauraron muryata.

Mai saye ta farko ta zo ta hannun matata. Tana cikin wani zauren hira na mata a waya, ta tura adireshin shafin a can. Wata Hajiya mai babban kanti a Kaduna ta gani, tana neman wanda zai riƙa kawo mata mai da ƙuli na gida kafin azumi, kuma da yawa take so. Da ta saya, da rabin ɗakin Inna ya tashi a rana ɗaya.

Sai ga saƙon murya daga gare ta zuwa ga matata. Ta ce, "'Yar uwa, na buɗe abin nan naku, wayata ta ce kada in shiga, wai za a sace min bayanai. Ni ban san ku ba, ban taɓa ganinku ba. Ba zan rubuta sunana da adireshin kantina a inda waya da kanta take gudu ba. Ku gyara, zan sake dubawa ranar Litinin."

Matata ta ba ta lambata. Ba ta kira ba. Ban ga laifinta ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kira abokina. Amma kiransa na nufin in gaya masa na goge saƙon da ya ja min kunne a kai, har sau uku. Sai na ɗauki hoton gargaɗin na tafi ƙauye, wai in yi shawara da manya.

Na sami Kawu a zaurensa. Ya ce in fassara masa abin da aka rubuta, kalma da kalma. Fassara aikina ce, na yi ta tsaf: "Haɗuwarka da wannan shafi ba amintacciya ba ce. Mai yiwuwa maɓarnata na ƙoƙarin sace bayananka."

Ya ajiye carbinsa.

"Maɓarnata? Su wa?"

"Kawu, ba mu ake nufi ba kai tsaye..."

"Hoton wa ke ciki?"

"Naku."

"To su wa ake nufi? Wa ya rubuta?"

"Na'ura ce take rubutawa da kanta."

"Na'urar ta san mu? Ta taɓa zuwa garin nan? Shekara talatin na yi a Dawanau, ba mahaluƙin da ya taɓa cewa na tauye masa mudu. Yau da tsufana a ce da ni ɓarawo, a gaban mutanen Kaduna, da Turanci?"

Na ba shi haƙuri. Sai ya ce maganin abin mai sauƙi ne, ya sha ganin irinsa. Ya ce a kasuwa idan baƙo ya yi shakkarka, ba rantsuwa za ka tsaya yi ba, kuma ba fushi za ka yi ba. Mutanen da suka san ka za ka kawo, su tsaya maka a gabansa. Da ya ga fuskokinsu hankalinsa zai kwanta.

Ina so in ce muku na san wannan ba zai yi aiki ba, kunyar babba ce ta hana ni magana. Ba haka ba ne. Da ya faɗa, sai na ji maganar ta shige ni.

Ranar Asabar da Lahadi muka yi aikin. Na sa rigar zuwa ofis, na riƙe makirufo, na yi hira da mutum huɗu kamar yadda aka koya min. Limamin unguwarmu ya fara da addu'a, wadda ta ci fiye da rabin lokacinsa, sannan ya shaida cewa bai san danginmu da komai ba sai alheri. Mai unguwa ya jero kakanninmu har zuwa wanda ya fara haƙa rijiya a garin. Mai injin markaɗe ya yi nasa bayanin injin na aiki, don ya ce ba zai kashe ba mata na layi, saboda haka bakinsa kawai ake gani yana motsi. Na huɗun direba ne da ke jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano. Shi bai fahimci abin da ake nema ba, ya yi minti biyar yana bayanin yadda shi kansa yake da amana, ya rufe da faɗin inda motarsa take lodi.

Na koma Kano na ɗora bidiyo huɗun nan gaba ɗaya a saman shafin, a gaban na Kawu, yadda su za a fara cin karo da su.

Ranar Litinin da yamma saƙon Hajiya ya shigo wayar matata. Ta ce, "Ki gaya musu na gode. Jan rubutun yana nan inda yake. 'Yata ta danna ta wuce shi don dai in ga kayan da idona. Muka ajiye wayar, na yi alwala, na yi la'asar, na dawo, ko ƙwayar ƙuli ba mu gani ba. Datar yarinya ta ƙare. Na riga na ba wasu, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Washegari na nemi izini a ofis na tafi gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana suya, mata huɗu daga cikin tara suna taya ta mulmula. Na so in ja ta gefe. Ta ce in faɗa a nan, kayan ba nata ba ne ita kaɗai. Na faɗa.

Inna ta goge hannunta a zani ta ce, "Buɗe min shagon in gani. Ba a wayarka ba. A wayar da ba ta san ka ba."

Ɗaya daga cikin matan tana da babbar waya da mijinta ya saya mata. Ta miƙo. Na rubuta adireshin. Jan gargaɗi ya fito. Na danna na wuce. Inna ta ce in jingina wayar a jikin turmi inda kowa zai gani, ta juya ta zuba ƙuli a kasko.

Kaskon farko ya soyu, ta kwashe. Fuskar wayar fari fat, sai wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya.

Ta zuba na biyu. Ana cikin suya sai muryata ta tashi: "Assalamu..." Ta tsaya. Can ta ce, "...alai..." ta sake tsayawa. Ɗaya daga cikin matan ta amsa sallamar, don ta ce ba kyau a bar ta a rataye.

Daidai nan Kawu ya shigo yana dogara sanda, ya ji an ce na zo. Aka ba shi tabarma. Inna ta kwashe kasko na biyu ta zuba na uku. Bidiyon shaidu huɗun ba wanda ya motsa, baƙaƙen akwatuna kawai. Amma a ƙasansu sai ga hoto ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi. Aka ga ganyen darbejiya. Aka ga wani abu mai zane.

Mai wayar ta ce, "La, hular Sallah ce."

Kawu ya matso ya ce, "Ku dakata, yanzu fuskar za ta fito."

Muka dakata. Hular ta cika. Goshi ya fito. Da aka zo kan gira abin ya tsaya cak. Kasko na uku ya soyu, Kawu yana zaune yana kallon girarsa. Sai saƙo ya shigo cewa datar matar ta ƙare.

Wata ta fara dariya ta toshe baki da mayafi, sai duk suka kwashe, har da mai wayar. Inna ba ta yi ba. Ta sauke kaskon, ta juya wajen yayanta.

Ta ce, "Yaya, ka san kasuwa fiye da ni. Amma ni tun ina yarinya nake tallan ƙuli. Idan mai saye ya tsaya a gaban farantina, ba na cewa ya jira in kira dangina su gaishe shi. Ɗaya nake ɗauka in ce ɗanɗana. In ya ji daɗi, sai mu gaisa."

Kawu ya ce, "To zagin da aka yi mana fa?"

Ta ce, "Ni ban ji zagi ba. Abin da na ji, an ce ƙofa a buɗe take. Ƙofa kuwa rufe ta ake yi, ba liman ake kira ya ce masu gidan mutanen kirki ne ba." Sannan ta dube ni. "Kai, wanda ya gina abin yana raye?"

Na ce yana raye.

"Kira shi. Ka buɗe murya kowa ya ji."

Na kira. Na faɗa masa komai, har da imel uku. Sai da ya yi dariya ta ishe shi, yana cewa in maimaita wurin direban. Da ya ji an ce Inna na sauraro ya nutsu ya gaishe ta. Ya yi mata bayani a taƙaice: satifiket ɗin shi ke sa abin da mai saye ya rubuta ya taho a rufe, ba mai iya karantawa ko canzawa a hanya. Idan wa'adinsa ya ƙare, waya ba ta da tabbacin hanyar, sai ta gargaɗi mai ita. Ba ta san mu ba, ba ta kuma zarge mu ba. Ya ce sabuntawa aikin ɗan lokaci ne, kafin magariba an gama. Nauyin shafin kuwa, sai an sauke duk abin da na ɗora.

Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Wa zai dubi dattawa goma sha ɗaya, da liman, da mai unguwa, ya ce an cire su?

Inna ta ce, "Ba za a iya yi musu zaure ba? Shago a gaba, zaure a gefe. Wanda ya gama ciniki yana son gaisawa sai ya shiga."

Abokina ya ce za a iya, shafi na biyu ne kawai.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "A zauren wa za a fara gani?"

Aka ce shi. Ya ce to ba laifi, dama babba ba ya zama a bakin faranti.

Muryata kaɗai ce ba ta sami wuri ko a zauren ba. Ba wanda ya tambaya.

Kafin magariba shafin ya koma yadda abokina ya fara gina shi. Muka sa wa matar nan data, aka gwada a wayarta. Kafin Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ga galan, ga ƙuli, ga farashi.

Sai dai gyaran bai dawo da abin da ya wuce ba. Man bai yi komai ba, shi yana jure ajiya. Ƙulin farko kuwa ya kusa wata biyu a buhu, ya fara ɗaukar wari. Dillalai sun ji labari, kamar yadda suke jin komai. Suka zo suka kwashe shi a matsayin abincin dabbobi, suna ta yi wa Inna jaje da fara'a.

Ban koma Kano a ranar ba. Washegari da hantsi Inna ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Gida tara muka shiga, ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida, bayan an gaisa, sai ta ce, "Ni na ce ku riƙe kayanku, ku yafe min. Ga wanda ya gaya min nan, shi zai yi bayani." Sai in durƙusa in yi. Na karanta labaran ambaliya da na gobara ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma a gida na uku sai da aka ba ni ruwa.

A gidan ƙarshe akwai wata gwaggo, ita ce mafi tsufa a cikinsu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai ne wanda muke ji da safe yana faɗin abin da ya faru a duniya?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To wannan yaushe za ka faɗa?"

Bayan kwana goma oda ta farko ta shigo, galan biyu, daga wata malamar makaranta a Zariya. Daga nan aka riƙa samu ɗaya-ɗaya, har man ya ƙare kafin Sallah. Shafin yana nan har yau, yana ciyar da gidaje. Zauren ma yana nan. Abokina ya ce ana shigarsa lokaci-lokaci, kuma kusan duk masu shiga daga ƙauyenmu suke.

Da na natsu na duba abin, na ga ba gaisuwa ce laifi ba, ba kuma Kawu ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne a inda ya koye shi, wato inda mai saye ke tsaye a gabanka, yana ganin idonka, kuma ya san wanda ya san ka. Wanda ke Kaduna ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi kawai waya ce a hannu, da 'yar data, da tsoron kada a cuce shi. Girmama shi shi ne kada ka ɓata masa lokaci, kuma ka tsare abin da ya ba ka amana. Laifina shi ne na zauna a kujerata mai sanyi ina duba shagon ta inda ya fi min kyau, alhali mutum goma sun jingina guminsu na shekara a kan maganata.

Da kaka ta zagayo, shida daga cikin matan suka sake tara kayansu a ɗakin Inna. Uku ba su dawo ba, har yau dillalai suke sayar wa. Ba su riƙe ni a zuci ba. Muna gaisawa, suna tambayar yara. Ɗaya daga cikinsu, duk sanda na je gida, sai ta aiko min da ƙuli a leda, kyauta, mai ɗumi. Na taɓa ce mata ta bari mu sa shi a shafin, yanzu komai ya daidaita. Ta yi murmushi ta ce in ci dai kawai.

Duk garin ba ƙulin da ya kai nata daɗi.